Jana'izar Adalci: Abin da Jitar Abzinawa Ke Faɗa wa Kankiya da Kusada

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ya tsallako iyaka, ya shiga wani ɗakin ɗaukar waƙa a Sakkwato. Babu wanda ya san shi a lokacin, ba shi kuma da ubangidan da ya tsaya masa. Abin da ya tarar a ɗakin shi ne abin da mawaƙan finafinan Hausa ke aiki da shi a shekarun nan: kwamfuta, kiɗan fiyano, da manhajar nan mai lanƙwasa murya har ta riƙa fita kamar ta cikin sarewa. Ya rera waƙoƙinsa na bege da harshen Tamashek, aka yi musu kwalliya irin ta Kano, ya koma gida. Kundin da ya fito daga wannan zama, mai suna Anar, bai bi ta hannun wani kamfani ba. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya, ta Bulutut da katin memori, har ya ratsa Nijar ya isa Kidal a arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta cikin wani faifai na waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutanen hamada. Sunan saurayin Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar.

Shekara 16 bayan zaman Sakkwato, ranar 3 ga Mayu 2024, kamfanin Matador na birnin New York, wanda ya yi suna wajen fitar da makaɗan rok da ba sa bin yayin kasuwa, ya saki sabon kundin Mdou Moctar da abokan kiɗansa uku. Sunansa Funeral for Justice, wato jana'izar adalci. Shekara uku ke nan rabonsu da cikakken kundi, kuma dawowar ta zo da zafi. Babu sauran lallausar muryar Sakkwato a cikinsa. Jita ce ke kururuwa, ganga na gudu kamar an biyo ta, waƙoƙin kuma na magana a kan jinin da ake zubarwa a Sahel, da shugabannin Afirka da suka zuba ido, da harshen Tamashek da ke neman suɓuce wa yara, da Faransa wadda aka kira sunanta ƙarara a taken ɗaya daga cikin waƙoƙin.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa wannan da Kankiya da Kusada, inda da wuya a samu mai tura waƙa a tasha da ya taɓa jin sunan kundin. Abin da ya haɗa su shi ne giɓi. Fiye da shekara goma ana kashe mutane a karkarar Katsina da Zamfara da Sakkwato, ana ƙona rumbuna, ana cinikin 'yan Adam kamar tumaki. Ƙasar Hausa, da duk ɗimbin mawaƙanta da ɗakunan ɗaukar waƙarta, ba ta fitar da wani aiki guda da ya tsaya a kan wannan bala'i, ya kira abubuwa da sunayensu, ya kuma shiga bakin jama'a ba. Maƙwabtanta na arewa, waɗanda ba su kai ta yawa ko dukiya ba, sun shafe shekara 40 suna yin hakan. Dalilin bambancin bai rataya ga basira ba. Ya rataya ga wanda ke biyan mawaƙi.

Yadda wutar ta ci gabas

Kankiya na kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada na kudu maso gabashinta, tana iyaka da jihar Kano. Su biyun da Ingawa suke da kujera ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya. Lokacin da gwamnatin Katsina ke lissafa ƙananan hukumomi takwas da ke bakin daga, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume, babu Kankiya a ciki, babu Kusada. Mutanen nan suna jin labarin dajin Rugu ne a rediyo. Ko da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, ko da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar a Satumbar 2021, akwai sauran jin cewa abin na mutanen yamma ne.

Gemun maƙwabci ya kama wuta, ba a shafa wa na gida ruwa ba. Hare-haren suka gangaro Kurfi da Dutsin-Ma, suka shiga Matazu da Musawa. A Nuwambar 2023 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu taron Maulidi a Kusa ta ƙaramar hukumar Musawa, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga Kankiya. Daga nan ƙauyukan Kankiya da na Kusada suka shiga lissafi, kuma kafin 2025 ta ƙare wutar ta tsallaka Tsanyawa da Shanono a jihar Kano. Manomin da ya mallaki shanun huɗa ya fara ganin su a matsayin gayyatar baƙin dare. Ma'aikacin da ke Abuja ko Kaduna, wanda a da yakan kwana uku a ƙauye da Salla, yanzu yakan gaisa da tsofaffi ya juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Wannan shi ne yanayin da ya kamata a ce ya haifi waƙa.

Jitar da ta fito daga sansani

Kada a ɗauka kiɗan Abzinawa ya fara ne da kiran zaman lafiya. Da kiran tawaye ya fara. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa rukunin Tinariwen a Tamanrasset ta Aljeriya a 1979, yana yaro ƙarami sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a boren 1963. Shi da abokansa 'yan gudun fari ne da rashin aikin yi, daga cikin samarin da suka amsa kiran Gaddafi suka karɓi horon soja a sansanonin Libiya. Kaset-kaset ɗinsu na farko, waɗanda ake kwafa hannu da hannu, kira ne ga matasa su farka su ɗauki makami. Da tawaye ya ɓarke a 1990, wasu daga cikinsu sun shiga fagen daga da kansu. A ɓangaren Nijar, kisan da sojoji suka yi wa fararen hula a Cintabaradan a Mayun 1990, a yankin da Mdou Moctar ya fito, shi ya rura wutar.

Abin da ya biyo baya shi ya ba waƙoƙinsu nauyi. Mutanen da suka ga abin da harsashi ke yi wa jikin mutum, suka binne abokai, suka ga shugabannin tawaye na rabon muƙamai bayan sulhu, su ne suka ajiye bindiga suka koma ga jita. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995. A Tumbuktu, ranar 27 ga Maris 1996, aka tara bindigogi kusan 3,000 aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Daga lokacin waƙoƙin Tinariwen suka ƙara karkata ga kewar gida, da kukan rarrabuwar kai tsakanin Abzinawa su kansu. Mai sauraro ya san wanda ke cewa yaƙi asara ne ya ɗanɗana shi. Jiki magayi.

Labarin Omara Moctar, wanda ake kira Bombino, ya fi kusa da abin da ake nufi da dawowa. Da tawaye na biyu ya tashi a arewacin Nijar a 2007, hukuma ta ɗauki jita a matsayin alamar 'yan tawaye, ta hana kaɗa ta. Aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa. Ya tsere Burkina Faso. Sai a Janairun 2010 ya koma Agadas, ya yi wasa a gindin babban masallacin garin, da yardar Sarkin Abzin, jama'a suka yi dafifi suna murnar ƙarewar faɗa. Kundin da ya fito a 2011 sunan garin aka sa masa. A shekarar da ta biyo baya Tinariwen suka karɓi kyautar Grammy a Amurka, a daidai lokacin da arewacin Mali ke faɗawa hannun masu iƙirarin jihadi, waɗanda suka haramta kiɗa baki ɗaya.

Mdou Moctar ƙanensu ne a wannan layi. Iyayensa masu riƙon addini ne, ba sa son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na 2021, Afrique Victime, ya fito wata biyu bayan 'yan bindiga a kan babura sun kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya na jiharsa ta Tawa. Duk Bakatsinen da ya ji yadda aka yi wannan kisa zai gane hoton: babura, babu jami'i ko ɗaya. An riga an gama ɗaukar Funeral for Justice lokacin da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Makaɗan na yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka rasa hanyar gida. A wannan zaman jira suka shiga wani ɗakin ɗaukar waƙa a Brooklyn suka sake rera waƙoƙin da jita marar lantarki, a hankali, kamar zaman makoki. Shi ne Tears of Injustice, wanda ya fito a Fabrairun 2025. Mdou ya faɗa wa 'yan jarida cewa bai goyi bayan juyin mulkin ba, kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Bai sayar da bakinsa ga ko ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ba.

Wanda ya ci ladan kuturu

A nan ne kwatancin ke ciwo. Yankin da ya fi ba ƙasar Hausa manyan makaɗa shi ne yankin da 'yan bindiga suka fi ɗaiɗaitawa. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Musa Ɗanƙwairo da Maradun aka san shi. Kassu na Zurmi ne. Mamman Shata kuwa a Musawa aka haife shi, maƙwabciyar Kankiya. Isa, Maradun, Zurmi, Musawa: yau waɗannan sunaye a labaran kisa da garkuwa ake jin su.

Fasahar waɗannan mutane ba ta da na biyu, amma an gina ta ne a kan ginshiƙi ɗaya, wato ubangida. Makaɗin fada na da sarkinsa, makaɗin noma na da sarkin noma, makaɗin dambe na da ɗan wasansa kamar yadda Ɗan'anace ke da Shago. Aikin waƙa shi ne ta ɗaga wanda ake yi wa, ta yi zambo ga abokin hamayyarsa, ta zuga namiji ya yi abin da za a faɗa. Ko yaƙi ma ta wannan ƙofa ya shiga waƙar Hausa. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, abin da makaɗa da marubuta waƙa na Arewa suka fi yi shi ne ƙarfafa gwiwar sojan tarayya. Har ɓarawo ya samu nasa mawaƙin: Muhammadu Gambu ya yi shekaru yana wasa ɓarayi kafin ya shelanta tubansa. Tsarin na iya yabon kowa in dai yana da abin bayarwa da kuma suna na jarumta. Wanda ba shi da gurbi a cikinsa shi ne matar da aka kashe wa miji a gona, domin ba ta da doki ko babbar riga da za ta miƙa.

Akwai waɗanda suka kauce wa wannan hanya. Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa shi kaɗai, ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa, ya yi wa'azin zaman tare. Barmani Coge ta Funtuwa ta yi wa mata magana a kan sana'a da kishi da wahalar gida. Marubuta irin su Sa'adu Zungur sun gaya wa sarakuna gaskiya tun kafin 'yancin kai. Sai dai kasuwar waƙa ta yau ba gadon waɗannan ta ɗauka ba. Ta ɗauki gadon fada, ta canja wa sarkin kaya. Gwamna da sanata da ɗan takara su ne masu ba da mota da kujerar Makka. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja, ya zama mawaƙin da ya fi kowa tasiri a siyasar Arewa ta hanyar waƙoƙin Buhari da na Tinubu. Bala'in bai tsallake gidansa ba, domin a Yunin 2024 'yan bindiga sun sace mahaifiyarsa a Kahutu, sai bayan makonni ta kuɓuta. Wannan ya nuna mawaƙa ba a wata duniya suke zaune ba. Sun san abin da ke faruwa sarai. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma waƙar da za ta tambayi dalilin da ya sa jami'ai ba su iso ƙauye ba sai da gari ya waye, waƙa ce da ke taɓa mai biyan ladan.

Wanda ya gwada fita daga layi ya ga abin da ke biyo baya. A 2009 an kama Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, a Kano, aka gurfanar da shi bisa zargin sakin waƙarsa Hasbunallahu ba da izinin hukumar tace finafinai ba. Waƙar addu'a ce a kan azzalumai, ba ta ambaci sunan kowa ba, amma masu iko suka ji da su ake. Darasin bai ɓace wa na baya ba.

Su kuwa 'yan bindigar sun fahimci tsarin fiye da yadda ake zato. A wajajen 2021 wata waƙar yabon Bello Turji ta bazu a wayoyi, har yara na rera ta a kan titi ba tare da tunanin ma'anarta ba. Kiɗanta mai daɗi ne, abin takaicin ke nan. Ta bi duk ƙa'idojin waƙar maza: kirari, jerin yaran gida, barazana ga abokan gaba. Yanzu kuma ga su a TikTok suna baje kuɗin fansa. Ɗan bindiga ya zama ubangida, ya samu mawaƙi. Ƙauyen da ya ƙona bai samu ba.

Ba a ce babu waƙoƙin matsalar tsaro ba. Suna nan da yawa a YouTube, wasu da muryoyi masu ratsa zuciya. Amma mafi yawansu sukan tsaya a kan roƙon Allah ya kawo sauƙi, da kiran shugabanni su dubi talaka, ba tare da an ce wane shugaba ko wane laifi ba. Addu'a takobin mumini ce, babu mai jayayya da wannan, kuma masallatai na yin alƙunutu. Aikin mawaƙi daban ne. Shi ake jira ya faɗi abin da ake raɗa a zaure: cewa mai kai wa 'yan daji labari sau da yawa ɗan gari ne, cewa akwai masu sayar musu da fetur da burodi da ƙwaya, cewa harsashi ba a daji ake ƙera shi ba. Shi ake jira ya faɗi ɗaya gefen da ba a son ji a cikin gari, wato Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwanni ba tare da shari'a ba, da rugagen da aka ƙona, da burtalin da aka nome, da yaron da ya tashi bai ga aji ba bai ga asibiti ba sai bindiga. Shi ake jira ya tuna da mutanen Tudun Biri na jihar Kaduna, waɗanda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka suna taron Maulidi a Disambar 2023. Waƙar da ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ta bar sauran, zuga ce ta wani ɓangare.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Mutumin Kusada da aka karɓe wa shanu zai iya cewa wannan ba yaƙi ba ne balle a yi masa waƙar ƙin yaƙi. Abzinawa sun yi tawaye da tuta da buƙatun siyasa. Waɗannan kuwa ɓarayi ne, kuma tun a Nuwambar 2021 wata babbar kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Duk waƙar da ta ce a ajiye makami daga kowane gefe ta daidaita mai kisa da wanda ake kashewa.

Maganar na da ƙarfi, kuma tarihin sulhu a Katsina na goyon bayanta. Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga daji da kansa a 2019 ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, a 2020 ya fito ya ce sun ci amana. A 2025 ƙananan hukumomi suka riƙa ƙulla nasu sulhun ɗaya bayan ɗaya, daga Jibiya da Batsari har zuwa tsakiyar jihar. An ga hotunan zaman: hakimai da malamai a gefe guda, samari rataye da bindigogi da jigidar harsasai a ɗaya gefen. Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan Naira miliyan 5 a kansa a 2020, ya bayyana a irin wannan zama ya yi jawabi. Ba za a zargi manomin da ya yarda da sulhu don ya samu ya shiga gonarsa ba. Amma kalmar zaman lafiya a irin wannan wuri na iya zama mayafin da ake lulluɓe gawa da shi don kada a tambayi wanda ya yi kisan.

Shi ya sa sunan kundin Mdou Moctar ya fi dacewa da Kankiya fiye da duk wata waƙar a-zauna-lafiya. Bai kira shi jana'izar zaman lafiya ba. Adalci ya ce an binne. Mawaƙin da ya fara daga nan ba ya buƙatar daidaita kowa da kowa. Zai iya cewa wanda ya harbi masu Maulidi a Kusa azzalumi ne, ya kuma ce wanda ya yanka makiyayi a kasuwa don kawai kamanninsa azzalumi ne, ba tare da ɗayan ya wanke ɗayan ba. Zai iya tambayar inda matan da aka yi wa fyaɗe suke a teburin sulhu. Tambayoyi ne da ɗan siyasa ba zai yi ba, hakimi ba zai iya yi ba, ɗan jarida kuma yakan yi su a shafin da mutanen ƙauye ba sa karantawa. Waƙa ce kaɗai ke shiga wayar ɗan acaɓa da ta ɗan daji a rana ɗaya, musamman in an rera ta da Hausa da Fulatanci.

Ƙorafi na biyu ya fi sauƙin faɗa: waƙa ba ta tsayar da harsashi. Gaskiya ne. Tinariwen sun fitar da kundinsu Amatssou a Mayun 2023, kafin shekarar ta ƙare yaƙi ya koma Kidal, sojojin Mali da mayaƙan Wagner suka karɓe garin a Nuwamba. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disambar 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024, kashe-kashe a Tilaberi da Tawa ba su tsaya ba. Duk wanda ya ce jita ta kawo sulhu ya faɗi son zuciyarsa. Abin da ta yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma ba a raina shi. Ta hana a manta. Ta sa yaron da aka haifa a sansanin gudun hijira ya san abin da ya faru a 1963 da 1990 daga bakin mutanensa. A Katsina kuwa ƙauye kan tashi gaba ɗaya, a yi kwana biyu ana jimami a Facebook, shi ke nan. Babu wanda ya haddace sunayen mamatan. Al'ummar da ta iya riƙe sunayen dawakan sarakunan da suka mutu shekara 70 da suka wuce, saboda makaɗi ya sa su a waƙa, ta kasa riƙe sunayen mutanen da aka binne bara.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi kusa da gaskiyar lamarin. Mdou Moctar ma yana da ubangida, sai dai nasa ba mutum ɗaya ba ne. Dubban Turawa ne masu sayen tikiti a Landan da Chicago, waɗanda mafi yawansu ba sa jin ko kalma ɗaya ta Tamashek, wasu kuma rawani da hoton hamada ne ke burge su. Akwai abin dariya a cikin mutum ya zagi Faransa a dandamalin Turai a tafa masa. Duk da haka, wannan kasuwa ta saya masa abin da mawaƙin Kano ba shi da shi: cin abincinsa bai dogara ga fara'ar wani gwamna ba. In ya koma gida yakan yi kiɗan biki a ƙauye kamar kowa, bakinsa kuma nasa ne.

Mawaƙin Hausa ba ya buƙatar Chicago. Masu jin Hausa sun haura miliyan 50, kuma a cikinsu akwai likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan banki 'yan asalin Kankiya da Kusada da Ingawa, waɗanda ke da ƙungiyoyin ci gaban gari da zaurukan WhatsApp inda ake tara kuɗin fansa in an sace ɗan'uwa. Mutanen nan kan ɗauko mawaƙi ya wasa amarya da ango da iyayen biki, a yi masa liƙi har ƙasa ta rufe. Ba su saba da tunanin biyan mawaƙi don ya faɗi abin da ba yabonsu ba ne. A ganin da yawa daga cikinsu kiɗa abin raha ne, ko abin da mai mutunci ke ji a mota shi kaɗai. Matuƙar masu ilmi da abin hannu na kallon waƙa haka, ɗan siyasa da ɗan bindiga ne kawai za su ci gaba da sanin darajarta, su kuma ci gaba da sayenta.

Saura batun tsoro, wanda ba a wasa da shi. Mdou na rera tasa daga nesa. Yaron da ke zaune a Kankiya, wanda iyayensa ke noma a bakin daji, in ya ambaci mai kai labari ko mai sayar da fetur, a daren za a iya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma ba lalle daga daji baƙin za su fito ba. A nan labarin Sakkwato ke da amfani. Hanyar da Anar ya bi tana nan ba ta mutu ba. Masu tura waƙa na zaune da kwamfutocinsu a tashar Kankiya da mararrabar Yashe da kasuwar Caranci, kuma ko lokacin da aka katse layukan waya a 2021, Bulutut da Xender ba su daina aiki ba. Waƙar da ta bi ta wannan hanya ba ta neman izinin hukumar tacewa, ba ta kuma buƙatar hoton mai ita. Lokacin da Kirkley ya ji waƙar Mdou a wayoyin Kidal, masu sauraronta da yawa ba su san ko wane ne ya rera ta ba, kuma sai da ya sha nema kafin ya samo lambar wayarsa.